Mutumin da Ya Daina Ɗiban Wuta

Akwai wani mutum manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, ana ce masa Baba Habila. Ya manyanta, amma ba irin tsufan nan na kwanciya ba, don har lokacin yana riƙe fartanya tun safe har rana ta take. Matarsa ta yi barci cikin Ubangiji, 'yarsa tilo kuma, Damaris, ta yi aure a birni. Gidan ya rage daga shi sai jaki, da akuya, da waɗansu kaji marasa kunya.

A ƙauyen nan akwai wata al'ada. In an gama tuwon dare, mace takan rufe garwashin murhunta da toka, da safe ta tone, ta hura, wuta ta tashi. Wanda wutarsa ta mutu kuwa, sai ya ɗauki tsingaro, wato ɓarin fasasshiyar tukunya, ya shiga gidan maƙwabci ya ɗebo garwashi. Ba abin kunya ba ne, ba a kuma hana kowa.

To, Baba Habila ya iya noma, ya iya saƙar zana, ya iya gyaran rumbu, amma rufe wuta da toka ya gagare shi. In ya zuba toka kaɗan, garwashin ya cinye kafin asuba. In ya zuba da yawa, ya shaƙe shi ya mutu. Tun da matarsa ta rasu bai taɓa wayar gari da wuta a murhunsa ba. Saboda haka kowace safiya ta Allah sai ya ɗauki tsingaronsa ya nufi gidan Zakka.

Zakka maƙwabcinsa ne, danga ɗaya ce tsakaninsu. Kuma taubashinsa ne, ɗan ƙanwar babansa, kun san kuwa taubasai ba su da wata gaisuwa sai tsokana. Tun Baba Habila bai rufe baki da "Gafaranku dai" ba, Zakka zai ɗaga murya ya kira matarsa.

"Kande, ɓoye tukunyar kokon nan! Ga mai ɗiban wuta da ludayi a aljihu ya iso."

"Ni wuta na zo ɗiba," in ji Baba Habila, "ba kallon tsoho mai haƙori uku ba."

"Huɗu ne. Matso ka duba da kyau."

Kande ba ta shiga faɗansu. Takan zuba masa garwashi a tsingaro, ta turo masa wani kututture da ƙafa, ta ce, "Zauna, Baban Damaris, koko ya kusa." Shi kuma ya ce, "A'a, uwargida, sauri nake yi." Yana faɗa yana zama.

Da ya zauna kuwa, Zakka ya samu abin da yake so. Sai ya ɗauko labarin kurar da ya kora hannu banza lokacin yana saurayi. Kurar nan kuwa ba ta daina girma. Da can kamar kare take, bara ta kai ɗan maraƙi, bana har ta fara gogayya da jaki. Baba Habila ya ce ƙarya ne, Zakka ya rantse da sauran haƙoransa, Kande ta yi ta dariya tana dama koko. Kafin a kore kurar nan, garwashin ya mutu a kan tsingaro, sai an sake zuba wani. Haka ake yi har hantsi ya dubi ludayi.

A hanyar komawa gida Baba Habila ya yi ta gunaguni ke nan. Ya isa ya sami jakinsa, ya ce masa, "Wannan wace irin rayuwa ce? Mutum ya je ɗiban wuta, a cinye masa safiya da ƙaryar kura! Da ina da wutar kaina, da ƙafata ba ta ƙara taka gidan nan ba." Jakin ya kaɗa kunne, ya ci gaba da cin harawarsa.

Ana nan, ana nan, sai Damaris ta zo ganin gida. Cikin tsarabar da ta kawo har da wani ƙaton ƙunshi na ashana, kwali kan kwali. Ta ce, "Baba, na ji an ce kullum kana yawon ɗiban wuta gidan mutane kamar wanda ba shi da kowa. Ga wannan, ka huta." Yarinyar nan ƙauna ce ta sa ta yi haka, ba ta nufi kowa da sharri ba.

Ba wai Baba Habila bai san ashana ba, ya sha ganinta a kasuwa, bai dai taɓa tunanin mallakar tasa ba. Ya zaro tsinke ɗaya ya ƙyasta, wuta ta tashi. Ya yi dariya. Ya sake ƙyasta wani, ba don yana da abin dafawa ba, don dai ya tabbata. Sa'an nan ya ɗauki tsingaronsa ya wurga shi bayan rumbu, ya kakkaɓe hannu.

Kashegari, bayan Damaris ta koma, ya hura wutarsa shi kaɗai, ya yi ɗumame, ya ci, ya saɓa fartanya tun raɓa ba ta bushe ba. Da ya zo wucewa ta ƙofar gidan Zakka, ya tarar da shi a tsaye yana leƙen hanya.

"Yau ina tsingaron?" in ji Zakka.

Baba Habila ya ciro kwalin ashana, ya girgiza shi dab da kunnen Zakka, ya ƙyasta ɗaya, ya hure. Ya ce, "Daga yau kurarka ta huta, ni ma na huta."

Zakka ya yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce, "To, mai wuta a aljihu, Allah ya sa kada ta ƙone maka wando." Baba Habila ya wuce yana taƙama, bai ko waiwaya ya dubi fuskar taubashinsa ba.

Kwanakin farko ya ji daɗi ƙwarai. Shi ne na fari a gona, dawarsa ta fi ta kowa tsabta, ba mai ce masa haƙori, ba mai ce masa kura. Amma ba a daɗe ba, sai wani abu ya zo ya zauna masa a ƙirji. Ba zafi ba ne, ba tari ba ne, wani nauyi ne kawai, kamar an ɗora masa ɗan dutsen niƙa. Ya fi zuwa da safe, daidai lokacin da wutar ta kama, shi kuma ya zauna yana kallonta. Gidan ya yi tsit, har yana jin kaza tana haɗiyar tsaba. Ɗumamen da yake so ya koma masa kamar ƙasa a baki.

Ya ce a ransa, "Yunwa ce." Ya tuƙa tuwon da zai ishi magina, ya zauna ya cinye tas. Cikinsa ya cika tim har numfashi ya gagara, amma dutsen yana nan inda yake.

Ya ce, "To, ciwon shawara ne." Ya shiga jeji ya sassaƙo maɗaci, ya jiƙa, ya rufe ido ya shanye ƙwarya guda. Irin yamutsa fuskar da ya yi, akuyarsa ta tsorata ta tsinke igiya, sai a gonar wani aka kamo ta. Dutsen bai ko motsa ba.

Ya tafi wurin wanzami. Wanzami ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ce, "Mataccen jini ne, Baba, ya taru." Ya jera masa ƙaho daga ƙeya har ƙugu. Baba Habila ya dawo gida bayansa kamar gurbin dara, ga raɗaɗi, ga kuma dutsensa ya biyo shi.

Da abin ya ishe shi, ya hau jaki ya tafi ɗakin shan magani na garin gaba. Malamar asibiti ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta duba idonsa, ta ce ya fito da harshe. Ta ce, "Baba, ina ne yake yi maka ciwo?"

"Nan," in ji shi. Ya nuna ƙirji. "A'a, nan. Kai, ko'ina ne, kuma ba ko'ina ba."

Ta dube shi, ta ajiye abin sauraron. "Baba, da wa kake hira a gida?"

"Da jaki."

"Shi kuma me yake ce maka?"

"Ba ya gardama. Ya fi waɗansu mutane hankali."

"Ina jin, Baba, abin da ke damunka shi ne..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya miƙe ya ce, "'Yata, na kawo miki ciwon ƙirji, kina tambayata hira? Me ya haɗa hira da ƙirji? In akwai allura ki yi mini." Ta ce wannan ciwon ba shi da allura. Ya fita yana faɗa, wai yaran yanzu karatun banza suke yi.

Ran Lahadi ya je majami'a. Ɗakin sujada ya cika maƙil, mata suna waƙa, ganga tana tashi, yara suna tafi. Kowa ya gan shi sai ya ce, "Sannu, Baba," ya wuce. Zakka yana can wancan benci. Idonsu ya haɗu, kowa ya kau da kai, ya yi kamar yana duban rufin ɗaki. Da aka tashi, wannan yana jira wancan ya fara magana, wancan yana jira wannan, har kowa ya kama hanyar gidansa. Baba Habila ya yi mamaki ƙwarai. Ga mutane ko'ina, har ana taka masa ƙafa, amma dutsen nan ya fi na kullum nauyi.

Daga nan ya yanke shawara cewa mutuwa ce ta zo. Ya ɗauko kujera ya zauna gaban jakinsa don ya raba gado. Ya ce, "Akuya ta Damaris ce. Kaji a kai wa Pasto, ya sha fama da su. Kai kuma zan sa a nema maka gidan kirki. Zakka kuwa, ko tsinken ashana ba zan bar masa ba."

Da ya ambaci sunan Zakka, sai wani tunani ya faɗo masa. In ya mutu gobe da safe, wa zai sani? A dā, in ya ɗan makara, Zakka yakan leƙo ta kan danga ya yi ihu, "Habila! Ka mutu ne, in zo in ɗauki jakin?" A lokacin haushi abin yake ba shi. Yanzu kuwa da zai sake jin ihun nan, da ya ba da jakin har da akumari. Hawaye suka zubo masa. Ya share da bakin riga, ya ce wa jakin hayaƙi ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

Ana cikin haka damina ta yi nisa, marka ta sauka. Baba Habila kuwa a cikin jinkar ɗakinsa yake cusa ashanar, can sama, don kada ɓera ya taɓa. Ruwa ya rasa inda zai yoyo duk faɗin ɗakin nan sai daidai wurin. Da gari ya waye ya miƙa hannu, ya jawo ƙunshin yana ɗiga. Ya ƙyasta ɗaya, kan ya marmashe. Ya ƙyasta wani, ya narke masa a yatsa. Ya sa kwali a hammata don ya bushe, bai bushe ba. Ya tara sauran ya zauna a kansu kamar kaza mai kwanci, ya daɗe a haka, ya tashi da jiƙaƙƙen wando.

Ranar ya ci tuwo mai sanyi, ya ce ai da ma ya fi lafiya. Kashegari ruwa bai ɗauke ba, sanyi ya shiga ƙashinsa, haƙoransa suna kaɗawa. Sauran gidajen ƙauyen suna hayin rafi, rafi kuwa ya kawo. Gida ɗaya ne kawai ake ganin hayaƙi yana tashi a wannan gefen, ba sai na gaya muku gidan wa ba ne.

Ya zaga bayan rumbu, ya yi ta laluben ciyawa har ya sami tsingaronsa. Wani kwaɗo ya riga ya mai da shi ɗaki, sai da ya ba shi haƙuri. Ya kama hanya yana yi wa kansa gargaɗi: "Wuta kawai. Ba zama, ba koko. In ɗiba in juyo."

"Gafaranku dai," in ji shi a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

Ba wanda ya ce a ɓoye tukunya. Ya shiga. Ga Zakka a zaune cikin rumfar girki, ya tuɓe riga ya juya wa wuta baya, ya rame, ya yi zuru-zuru. Kusa da ƙafarsa ga ƙwarya da sauran jiƙon maɗaci. Bayansa kuwa, daga ƙeya har ƙugu, shaidar ƙaho ce a jere.

Baba Habila ya manta da gargaɗin da ya yi wa kansa. Ya ce, "Kai, wa ya yi maka dara a baya?"

"Ba ni da lafiya," in ji Zakka, bai ko ɗago ba. "Wani abu ne ya zauna mini a ƙirji."

"Kamar dutsen niƙa?"

Zakka ya ɗago. "Wa ya gaya maka?"

"Ya fi tsanani da safe? Tuwo ba ɗanɗano?"

"Kande, ke kika kai masa labarina?"

Baba Habila ya ajiye tsingaro, ya juya, ya yaye rigarsa. Zakka ya ƙura wa bayan ido. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Naka ƙahon bai kai nawa ba."

"Bai kai ba? Ni fa har asibiti na je!"

"Ni na ga mutuwa da idona, tana tsaye bakin ƙofar nan."

"Ni har na raba gado."

"Me ka bar mini?"

"Ko tsinke."

Kande tana tsaye da ludayi a hannu. Ta dubi bayan wannan, ta dubi bayan wancan, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har sai da ta riƙe ginshiƙin rumfa, hawaye na zuba. Da ta samu numfashi ta ce, "Oh ni Kande! Tsofaffi biyu, danga ɗaya tsakaninku, kowa yana can yana shan maɗaci! Ciwon nan naku ai sunansa kaɗaici. Kewar juna kuke yi. Na gaya wa wannan tun tuni, ya ce wai mata ba su san ciwon maza ba."

"Ni?" in ji Baba Habila. "In yi kewar wannan?"

"Allah ya kiyaye," in ji Zakka.

"To, shi ke nan," in ji Kande. "Amma ka sani, Baban Damaris, tun da ka daina zuwa, kaji yake tarawa yana ba su labarin kura. Kaji kuwa ba sa ƙaryata mutum, labarin ya ƙi daɗi. Kurar ma ta rame, shekaranjiya da na ji ta koma kamar kyanwa. Kututturen nan kuma ya hana kowa zama a kai. Har baƙo ya tasa daga kansa."

Ta turo kututturen da ƙafa. Baba Habila ya ce, "A'a, uwargida, sauri nake yi." Ya zauna.

Aka zuba koko. Zakka ya gyara murya, ya ɗauko kurarsa, kuma a take ta murmure, ta dawo kamar bijimin sa. Baba Habila ya buga cinya ya ce, "Ƙarya kake yi!" Da za ku ga fuskar Zakka a lokacin, da kun ce kyauta aka yi masa. Suka yi ta gardama, ruwa yana zuba a waje, garwashi ya mutu a kan tsingaro ba wanda ya kula. Can sai Baba Habila ya ɗora hannu a ƙirji. Ya taɓa dama, ya taɓa hagu. Ya ja numfashi, ya ji ya wuce har ƙasa ba abin da ya tare shi. Dutsen ya tafi, bai ma san lokacin da ya tashi ba.

Da zai koma gida, Kande ta sake zuba masa garwashi. Ya ce, "Uwargida, ke dai kin iya rufe wuta. Duk markar nan taki ba ta mutu ba."

Kande ta miƙa hannu ta ɗauko wani gwangwani mai murfi, ta buɗe. Ga kwalin ashana a ciki, a bushe ƙayau. Ta ce, "Ni na daɗe da daina wahalar toka. Wutar da ka yi shekaru kana ɗiba, da wannan nake hura ta."

Baba Habila ya saki baki. "To, me ya hana ki ba ni kwali ɗaya tun tuni, in huta?"

"Da na ba ka, wa zai zo ya ƙaryata mini mijina?" in ji Kande. "Kuma ta yaya za mu san ka kwana lafiya?"

Bayan marka ta wuce, rana ta fito, ya shanya ashanarsa, waɗansu suka farfaɗo. Da safe ya ƙyasta, ya hura wuta, ya ɗora ruwa. Ya zauna kaɗan, ya ji gidan ya fara yin tsit ɗin nan. Sai ya ɗauki tsingaro ya nufi gidan Zakka, hayaƙin murhunsa yana tashi a bayansa, kowa yana gani.

"Wuta ta mutu ne?" in ji Zakka.

Baba Habila ya buɗe baki zai ce ta mutu murus, sai Kande ta nuna masa hayaƙin da ludayi. Ta ce, "Baban Damaris, kada ka fara safiya da ƙarya. Ta kura ma ta ishe mu a gidan nan."

Ya tsaya. Ya sosa ƙeya, ya dubi tsingaron, ya dubi ƙasa. Mutumin nan yakan ɗaga buhun dawa shi kaɗai, amma 'yar maganar da ke bakinsa ta fi masa buhu nauyi. Da ƙyar ya ce, "Ba wuta na zo ɗiba ba. Ku na zo gani. Gidan can ya yi mini shiru."

Zakka ya dube shi. Ya yi tari, ya murza ido, ya ce, "To, zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar dogari. Ni ma nan shirun ne."

Baba Habila ya ɗora tsingaron a kan danga, ya zauna. Bai ƙara ɗaukarsa ba, kuma bai ƙara fashin zuwa ba.

To, yara, ga ma'anar wannan misali. Dutsen da ya zauna a ƙirjin Baba Habila shi ne kaɗaici. Kun yi masa dariya da ya sha maɗaci, amma ku ma dutsen nan yakan ziyarce ku. Yakan zo ran da aka kai ka sabuwar makaranta, kowa yana da abokin wasa, kai kana tsaye jikin bango. Yakan zo sa'ad da ƙawarki ta tashi daga unguwa, ko Mama ta yi tafiya ta daɗe. Wani yaro sai ya ce cikinsa ke ciwo. Wani ya yi ta faɗa da ƙannensa bai san dalili ba. Wata ta ƙi cin abinci, a yi ta ba ta magani. Duk maɗaci ne da ƙaho, don ba a gane sunan ciwon ba.

Kaɗaici ba zunubi ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Yadda yunwa take gaya maka cikinka yana son abinci, haka kaɗaici yake gaya maka zuciyarka tana son mutane, gama Allah bai halicce mu don kowa ya zauna a bayan dangarsa ba. Ku lura kuma, zama kai kaɗai dabam ne, kaɗaici dabam. Baba Habila yakan yini a gona shi ɗaya yana fito, ba abin da ya dame shi. Amma a majami'a, a tsakiyar taro, a nan dutsen ya fi nauyi. Abin da ya rasa ba yawan mutane ba ne. Ya rasa wanda ya san shi, wanda zai leƙo ta kan danga in ya makara.

Ashanar kuwa ba ta yi laifin kome ba. Abu ne mai amfani, Kande ma tana da ita. Haka wayar babanku da kuke wasa da ita, da talabijin, da sabon keke. Sukan cika maka hannu, har ka ce ba ka bukatar kowa. Amma in ka gaji ka ajiye su, ba ɗayansu da zai tambaye ka ko ka kwana lafiya.

Ubangijinmu Yesu ya san wannan nauyi. A lokacin da ya fi bukatar abokansa, barci ya kwashe su, daga baya kuma suka gudu suka bar shi. Saboda haka in ka durƙusa ka ce masa, "Ya Ubangiji, ina jin kaɗaici," ba zai yi maka dariya ba, ba zai kuwa bar ka ba. Sau da yawa kuma amsar da yake bayarwa tana da ƙafa biyu, tana nan kusa, a hayin danga. Sai dai kai ma ka tashi ka je. Ka sami Mama, ko Baba, ko Kaka, ko malaminka, ka faɗi abin da sunansa. Ba sai ka riƙe tsingaro ba, ba sai ka ƙago ciwon ciki ba. Maganar tana da nauyi, na sani, amma da ta fita dutsen yake fara tashi.

Kada kuma ku manta da Zakka. Duk kwanakin da Baba Habila yake cewa ba wanda ya damu da shi, ga wani can yana korar baƙi daga kan kututturensa. Yaron nan da kake gani a makaranta yana cin abincinsa shi kaɗai, ya ɗaure fuska, kana cewa girman kai ne da shi, wataƙila shi ma haka yake cewa a kanka. Kowa yana jira ɗan'uwansa ya fara, kowa yana shan maɗacinsa.

Saboda haka, in an tashi yau, kada ku ruga waje tukuna. Ku duba benci. In kun ga wanda yake zaune shi ɗaya, ku matsa masa wuri, ku ce, "Zo ka zauna." In ya ce sauri yake yi, kada ku yarda. Baba Habila ma haka yake cewa.